GONAR GANGAREN DUTSE: SANIN ƘASARTA DA IYAKAR ABIN DA ZA TA IYA ƊAUKA

GABATARWA

Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau ya san ƙasarmu ƙasar duwatsu ce. Ga duwatsun Tsafe, ga babban dutsen Kwatarkwashi, ga kuma ƙananan tuddai masu tsakuwa da ke warwatse a ƙasar Bungudu har zuwa wajen Kekun Waje. A da, yawancin gangaren duwatsun nan daji ne: wurin itace, da ciyawar jinka, da kiwo, da magani. Yau jama'a ta ƙaru, gona ta yi kaɗan, ga shi kuma rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Saboda haka sai gatari da garma suka yi ta hawa gangare, shekara bayan shekara.

Mai sabuwar gona a gangare yakan ji daɗin shekarar fari da ta biyu. Daga ta uku sai amfani ya fara ja da baya. Kafin a ankara tsakuwa ta fito fili, ƙuduji ya cika gona, kwazazzabo ya tsaga gonar maƙwabci da ke ƙasa. Wannan takarda za ta bayyana maka dalilin haka, da yadda za ka gwada ƙasarka da hannunka, ka san inda ya dace a noma, da inda ya dace a noma da sharaɗi, da inda bai dace a sa garma ba ko kaɗan.

YADDA ƘASAR DUTSE TAKE

Yawancin duwatsun yankin nan irin dutsen nan ne mai tauri da masana ke kira giranit, wanda ake fasawa don aikin gini da hanya. Rana da ruwa da saiwar itace su ke marmashe shi sannu a hankali har ya zama ƙasa. Aikin ba ya sauri. Kafin a sami ƙasa mai kaurin santimita 1, wato kamar kaurin ɗan yatsa, sai an yi ɗaruruwan shekaru. Ƙasar da ke fitowa daga irin wannan dutse yashi ne mai gautsi da tsakuwa, da 'yar laka kaɗan. Tun asali ba ta da yawan abincin shuka, musamman sinadarin fosfet, wanda ke cikin takin Supa.

In ka tsaya a gindin dutse ka ɗaga kai, za ka ga hawa uku:

1. Kan dutse da kafaɗarsa. Nan falalen dutse ne da manyan duwatsu, ƙasa kuwa sai a tsaga-tsaga da 'yan kwarurruka. Itatuwan da ke jure wurin su ne irin su hano, da kukuki, da geza, da gamji. Baƙar ƙasar da kake gani a ƙarƙashinsu ruɓaɓɓen ganye ne na shekara da shekaru. Tana da kyau, amma ba ta da kauri.

2. Tsakiyar gangare. Nan jar ƙasa ce mai tsakuwa. Zurfinta ba ɗaya ba ne: wani wuri ta kai gwiwa, taku biyar gaba kuma fartanya ta daki dutse. A wasu wurare akwai marmara a ƙarƙashi, wadda saiwa ba ta iya hudawa. Marke, da taura, da ƙirya, da faru sukan fito a nan.

3. Gindin dutse. Nan ne yashi da laka da ruwa ya kwaso daga sama suke taruwa. Ƙasar tana da zurfi, tana riƙe laima, a nan ne ake ganin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo. In aka ƙara gangarawa sai a kai ga laka da fadama.

Abin lura shi ne, hawa ukun nan a ɗaure suke da juna. Abin da aka yi a sama, na ƙasa ne ke karɓar sakamakonsa.

ABIN DA KE SA ƘASAR GANGARE SAURIN GAJIYA

Na farko, ruwa. A yawancin shekaru yankin Gusau yana samun ruwan sama tsakanin milimita 800 zuwa 1,000, amma duk a cikin wata huɗu ko biyar, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta. Falalen dutse ba ya shan ruwa. In aka yi ruwa na milimita 30 a kan falale mai faɗin hekta ɗaya, lita 300,000 ke nan za ta gangaro, wato duro 1,500 mai cin lita 200. In akwai itatuwa da ciyawa da busasshen ganye a hanya, sukan karya gudunsa, ya nutse a hankali. In an share wurin, sai ya sauko da ƙarfinsa duka. Ka kuma sani, idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin dukansa sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa doguwar gona a kan gangare ta fi lalacewa daga can ƙasa.

Na biyu, ƙarancin zurfi. Ƙasa ita ce randar shuka. Ƙasa mai yashi mai zurfin mita ɗaya tana iya ajiye wa shuka ruwan da zai kai ta mako biyu zuwa uku. Mai tsakuwa wadda zurfinta bai wuce santimita 20 ba, ruwan kwana huɗu ko biyar kawai take ajiyewa. Shi ya sa in ruwa ya ɗauke na kwana goma, dawar kan gangare ke fara murɗe ganye, alhali ta gindin dutse tana nan shar. Ba ruwan sama ne ya bambanta ba, randar ce ƙarama. Shekarun fari irin na 1973 da 1984 ba sa sallama kafin su zo, kuma irin wannan gona ce ke fara faɗuwa.

Na uku, asarar saman ƙasa. Kusan duk ƙarfin ƙasar gangare yana cikin 'yan santimitocin da ke sama. In ruwa ya kankare milimita 1 tak a faɗin hekta, wajen tan 14 ne na ƙasa ya tafi, wato kamar buhu 140 mai cin kilo 100. Ido ba ya ganin tafiyar milimita ɗaya. Sai dai wata rana ka ga saiwar itace a waje, ka ce duwatsu suna tsirowa a gonarka. Duwatsu ba sa tsiro, ƙasa ce ta bar su.

Ƙasar nan ba ɓacewa take yi ba. Tana binne shukar na ƙasa, tana cike rijiyoyin fadama da yashi, sauran kuma ƙoramu su kai ta gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau ya nufi madatsar Bakolori da aka gama a 1978. Madatsar da laka ta cike ba ta ajiye ruwan noman rani yadda ya kamata.

GWAJI BIYU KAFIN KA SA GATARI

Ba ka bukatar kayan bature. Abin da kake bukata diga, da igiya, da abokin aiki ɗaya.

Gwajin zurfi. Haƙa rami a wuri biyar ko shida a cikin filin: sama, tsakiya, ƙasa, da gefe-gefe. Ci gaba da haƙa har ka taras da dutse ko marmara, ko kuwa ka kai mita ɗaya. Kada ka yi hukunci da rami ɗaya. In da damina ne, bayan an yi ruwa kana iya kafa rodi ka ga inda zai tsaya.

* Ƙasa da santimita 25: ba gona ba ce.
* Santimita 25 zuwa 50: gero, wake, gujiya, riɗi.
* Santimita 50 zuwa mita 1: dawa, gyaɗa, waken suya.
* Fiye da mita 1: masara da auduga ma za su yi.

Gwajin gangare. Samo igiya mai tsawon mita 10. Abokinka ya danne bakinta a ƙasa daga sama. Kai kuma ka gangara da ɗaya bakin, ka ja ta ta miƙe, ka ɗaga har ta kwanta daidai, ba ta karkata sama ko ƙasa ba. Ƙaramin ma'aunin magina mai ɗigon ruwa da ake ratayawa a igiya zai taimake ka. Sai ka duba inda igiyar ta tsaya a jikinka:

* Ba ta wuce tsakiyar ƙauri ba: filin a shimfiɗe yake.
* Ta kai gwiwa, wajen santimita 50: gangare kaɗan, kashi 5 cikin 100.
* Ta kai ƙugu, wajen mita 1: gangare sosai, kashi 10 cikin 100.
* Ta kai kafaɗa, wajen mita 1 da rabi: kashi 15 cikin 100, iyakar noma ke nan.
* Ta wuce kafaɗa: wurin itatuwa ne da ciyawa.

Gwaji biyun nan tare ake duba su, kuma wanda ya fi muni shi ke da hukunci. Fili a shimfiɗe amma dutse na kusa, bai zama gona ba. Ƙasa mai zurfi amma igiya ta wuce kafaɗa, ita ma ba ta zama gona ba. Taki, komai yawansa, ba ya ƙara wa ƙasa zurfi, ba ya kuma rage gangare.

ABIN DA YA DACE DA KOWANE WURI

Shimfiɗaɗɗen fili mai zurfi. Wannan ita ce gonar gaske. A nan za ka zuba ƙarfinka da takinka da irinka mai kyau. Garmar shanu ko tarakta ba laifi, muddin kunyoyi sun gitta gangare.

Igiya zuwa gwiwa. A noma, amma kunyoyi su bi layin daidaito, kuma a sa jerin duwatsu ko layin gamba a kowane taku 20 zuwa 25.

Igiya daga gwiwa zuwa ƙugu. A noma da sharaɗi. Jerin duwatsu a kowane taku 10 zuwa 15. Kada tarakta ta shiga. A riƙa haɗa hatsi da wake mai yaɗo don ya rufe ƙasa. A bar itatuwa da yawa a tsaye.

Igiya daga ƙugu zuwa kafaɗa. In ba dole ba, a bar shi. In dole ce, sai da jerin duwatsu kusa-kusa, taku 5 zuwa 8, da noman hannu kawai, ba huɗa mai zurfi. Mutanen duwatsun Gwoza da Sukur sun daɗe suna noma irin wannan wuri, amma da dakalin dutse hawa-hawa, wanda suke gyarawa kowace shekara tun kaka da kakanni. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, kada ya fara.

Sama da haka. Ba sassabe, ba huɗa, ba wuta. Amfanin wurin shi ne busasshen itace, ciyawar yanka, zuma, 'ya'yan itace da magani, da kuma tsare gonakin da ke ƙasa.

YADDA AKE FITAR DA LAYIN DAIDAITO

Layin daidaito shi ne layin da ya gitta gangare, ko'ina a kansa tsayi ɗaya, yadda ruwa ba zai bi shi ya gudu dama ko hagu ba. Ido yana ruɗi, saboda haka a yi ma'auni.

1. Samo sanduna biyu miƙaƙƙu masu tsawo ɗaya, kamar mita 2 kowace. Ɗaure kawunansu, ka buɗe ƙafafun, ka ɗaura sanda ta uku a tsakiya, su yi siffar harafin A.
2. Rataya zare daga sama, ka ɗaura dutse a bakinsa, ya sauko ƙasa da sandar tsakiya.
3. Tsai da ma'aunin, ka sa alama a inda zaren ya taɓa sandar tsakiya. Juya shi, ƙafar dama ta koma gurbin ta hagu, ka sake sa alama. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce alamar daidai. Ka tsaga ta da wuƙa.
4. A gona, fara daga sama, daga gefe ɗaya. Kafa turke a gindin ƙafa ɗaya. Matsa ɗaya ƙafar sama ko ƙasa har zare ya hau alamar daidai. Kafa turke. Juya ma'aunin a kan wannan ƙafa, ka ci gaba har ƙarshen gona.

Layin zai yi ta lanƙwasa. Bar shi haka, kada ka miƙe shi don kyan gani.

JERIN DUWATSU

Dutsen da ke damunka a gona shi ne maganin gonar. Hausawan Adar, a jihar Tawa ta Nijar, sun daɗe suna jera duwatsu a gonakinsu na tudu. Aikin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984 ya faɗaɗa irin wannan aiki, har wuraren da suka zama fako suka koma gona da daji.

A kan layin daidaito, tona 'yar hanya mai zurfin yatsu huɗu, faɗi santimita 35 zuwa 40. Jera manyan duwatsu a ciki, su zauna daram. Ɗora matsakaita a kai har tsayi ya kai wajen santimita 25. Ƙananan duwatsu da tsakuwa a cusa su ta ɓangaren sama, su toshe manyan ƙofofi. Ba a shafe jerin da laka. Ba so ake ya tare ruwa kamar madatsa ba. So ake ruwa ya rage gudu, ya ajiye ƙasa da taki da ya ɗauko, ya tace ya wuce.

Kullum a fara daga layin sama. Wanda ya fara daga ƙasa, ruwan sama zai taru ya rushe masa aiki. A bar ƙofar wucewar shanu da amalanke a gefen gona, a shimfiɗa mata duwatsu. Bayan shekara biyu ko uku za ka ga ƙasa ta taru a bayan jerin. Sai ka ƙara masa tsayi.

INDA BABU DUTSE

Dasa gamba ko jema a kan layin, kusa-kusa, tsakanin tushe da tushe bai wuce faɗin tafin hannu ba, layi biyu a jere. A yi dashen cikin Yuli, lokacin da ƙasa ta jiƙa sosai. Gamba ribarta biyu: tana tare ƙasa, ga kuma zana da abincin dabbobi. Jema ta fi son inda laima ke daɗewa, wato can gindin gangare. Inda aka haɗa jerin duwatsu da gamba, aikin ya fi ƙarko. Kafin ciyawa ta kama, karan dawa da aka jera aka kafe da turaku yana taimakawa na damina ɗaya.

KUNYOYI, TASSA DA RABIN WATA

Kunyar da ta bi gangare daga sama zuwa ƙasa magudana ce ka gina wa ruwa. Ko da ta fi sauƙi ga shanu, kada ka yarda. Kunyoyi su bi jerin duwatsu. A gangare kaɗan, kana iya ɗaure kwarin kunya da 'yar ƙasa a kowane taku biyu ko uku, don ruwa ya tsaya ya nutse. Ɗaurin kada ya kai tsayin kunya, rabinta ya isa, don in ruwa ya yi yawa ya bi kwari, kada ya fasa kunyar. A ƙasa mai laka, ko a gonar gyaɗa, a buɗe ɗaurin cikin Agusta in ruwa ya fara kwanciya.

Inda ƙasa ta riga ta zama fako, a haƙa tassa da rani. Tassa 'yan ramuka ne, faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakaninsu taku ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta ɓangaren ƙasa. A zuba taki cikin tafi biyu a kowane rami, in ruwa ya sauka a shuka gero ko dawa. Manoman Illela da Badagishiri a Nijar sun farfaɗo da fako mai yawa da wannan dabara. Sai dai ruwanmu ya fi nasu yawa, saboda haka a nan tassa ta fako ce kawai a gangare kaɗan. Ba a yin ta a yashi, don rufewa take yi, ba a kuma yin ta inda ruwa ke kwanciya.

Rabin wata kuwa kunya ce mai siffar jinjirin wata, faɗinta taku biyu zuwa huɗu, bakinta na kallon sama. Ta fi dacewa da dashen itace da shuka ciyawa a wurin da aka daina nomawa.

ITATUWA SU NE GINSHIƘIN GANGARE

Ganyen itace yana tare dukan ruwan sama. Wanda ya zuba yana zama taki. Saiwa tana ɗaure ƙasa, tana kuma buɗe wa ruwa hanya cikin tsagar dutse. Dashen sabon itace a kan tsakuwa yana da wuya, da yawa sukan mutu da bazara. Hanya mafi sauƙi ita ce raya kututturen da ke nan da ransa.

A ƙasar Maraɗi ana kiran wannan aiki sassabin zamani. Tun 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa shi tare da manoman can, kuma an ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo a kudancin Nijar sun kai wajen hekta miliyan 5. Ga yadda ake yi:

1. Lokacin sassabe, kada ka sare tohon kututture duka.
2. Zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran.
3. Datse ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawo, da wuƙa ko gatari mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage.
4. Ɗaura tsumma ko ka sa wata alama don masu itace su san da mai shi.
5. Kowace shekara kana iya sare reshe ɗaya don itacen girki, ka bar sabo ya maye gurbinsa.

Kalgo, da sabara, da marke, da ƙirya, da magarya duk suna toho da kyau. Gawo kuwa babu kamarsa a gonar gindin dutse, don da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa.

Masu gawayi su sani: ƙiryar da aka sare a gangare kuɗinta na mako ɗaya ne, ƙasar da take riƙe da ita kuwa ba za ta dawo a zamaninmu ba. In wurin yana cikin gandun daji na gwamnati, ba a sassabe ko sara sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

WUTA DA KIWO

Wutar daji ta ƙarshen rani ita ce mafi ɓarna. Tana cinye ganye da ciyawa, ta kashe toho, ta bar ƙasa tsirara daidai lokacin da ruwan farko mai iska zai sauka. Da kaka, a share hanyar tare wuta mai faɗin taku biyar ko fiye, kewaye da wurin da ake rayawa. A hana yara farautar gafiya da wuta. Kada a ƙone karan gona. Abin da ya rage bayan an ɗebi na dabbobi da na darni, a kwantar da shi a gicciye.

Dabbobi ba abokan gaba ba ne, takinsu muke nema. Ɓarnar tana zuwa ne in sun yi yawa a wuri ɗaya, ko suna bin hanya ɗaya sama da ƙasa kullum har ta zama magudana. Wurin da ake rayawa a huta da shi daga kiwo damina biyu ko uku, a riƙa yanko ciyawar ana kai wa dabbobi. Shingen aguwa ko dashi ko bini-da-zugu yana kamawa daga reshe. Kada kuma a nome burtali ko a toshe hanyar mashaya. Irin wannan magana a zauna a yi ta gaban mai gari, da manoma da makiyaya, tun kafin ruwa ya sauka.

TAKI DA SHUKA

A tare ruwa tukuna, sannan a sa taki. Wanda ya watsa takin zamani a gangaren da ba a tare ba, gonar maƙwabcinsa ya yi wa hidima.

* Takin gida shi ne kan gaba, don yana sa ƙasa mai tsakuwa ta riƙe laima. A zuba shi a ramin shuka ko cikin kunya a rufe.
* Takin zamani a binne shi, kada a watsa. Cikin marfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa, wajen giram 6, a gefen kowane gindi ya isa a fara da shi. Kada ya taɓa iri.
* Yuriya a raba ta biyu, a sa lokacin da ƙasa ke da laima, a rufe.
* Gyaɗa da wake da waken suya Supa suka fi bukata.
* A riƙa juya shuka: bana hatsi, baɗi gyaɗa ko waken suya. Wannan yana rage ƙuduji. A cire ƙuduji kafin ya yi fure.
* A ƙasa marar zurfi a zaɓi iri mai saurin nuna. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin dawa da wake da gyaɗa masu yi da wuri. Tambayi malamin gona wanda ya dace da wurinku.

KWAZAZZABO

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yar tsagar da za ka tsallake bana, in ka ƙyale ta, baɗi sai ka zagaya. Maganin kwazazzabo daga kansa ake farawa, wato a rage ruwan da ke shigarsa da jerin duwatsu a sama. Sannan a gitta cikinsa da ƙananan shingayen dutse, tsayinsu kada ya wuce gwiwa. Tsakiyar shingen ta fi gefe ƙasa, don ruwa ya bi ta kai. Gefe biyu a cusa su cikin bango. A shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗo. Ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya. In ƙasa ta taru, a dasa gamba da jema. A bar taku uku ba noma a kowane gefe. Wanda ya fi tsayin mutum zurfi ya wuce aikin mutum ɗaya, a kai maganarsa ga hakimi da sashen aikin gona na ƙaramar hukuma.

AIKIN KOWANE LOKACI

* Oktoba da Nuwamba: hanyar tare wuta, kwantar da kara, sa alama a inda ruwa ya yi ɓarna.
* Disamba zuwa Fabrairu: gwaji biyu, fitar da layi, tara duwatsu da jera su.
* Maris da Afrilu: sassabin zamani, tassa, kai taki.
* Mayu da Yuni: huɗa a kan layi, shuka.
* Yuli: dashen gamba, jema da itatuwa.
* Agusta da Satumba: zagaya gona bayan kowane babban ruwa, a gyara abin da ya rushe nan take.

KA TUNA

1. Zurfi da gangare su ke yanke hukunci, ba kyan ƙasar sama ba.
2. Igiya ta wuce kafaɗa, ko dutse na kusa: a bar wa itatuwa.
3. Aiki daga sama ake fara shi.
4. Kunya ta gitta gangare, kada ta bi shi.
5. Tare ruwa kafin taki.

Ruwa bai san iyakar gona ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu gonaki a gangare ɗaya su haɗa kai, su yi gayya, su fara da gonar da ke sama ko ta wane ne, domin ita ce ƙofar ruwan kowa. Hekta ɗaya a gindin dutse da aka tsare, aka ba ta taki, ta fi uku a kan gangare da za su zama tsakuwa kafin yaranka su girma.

Don ƙarin bayani, ko neman a nuna muku yadda ake aiki da ma'aunin daidaito, sai ku tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko ofishin aikin gona mafi kusa da ku a Gusau, Tsafe ko Bungudu.